Kafin ka biya kuɗin "college" ɗin nan

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce wani ejan ya samo maka gurbi a wata "college" a Landan, kana tambaya ko jami'a ce. Sunan kaɗai ba zai raba gardama ba, don kalmar nan a Ingila ba ta da alƙibla ɗaya.

Eton College, wadda aka kafa a 1440, sakandare ce, kamar Barewa ta Zariya. Imperial College da King's College na Landan kuwa cikakkun jami'o'i ne, har digiri na uku suke bayarwa. Cambridge tana da kwaleji 31, amma duk a ƙarƙashin jami'a ɗaya suke: a kwaleji ɗalibi yake kwana ya ci abinci, digirin kuwa daga jami'ar yake fitowa. Sai wadda ta fi yawa a unguwanni, inda 'yan shekara 16 zuwa 18 suke karatun A-level na share fagen shiga jami'a ko koyon sana'a irin aikin famfo da gyaran gashi. Ita ma sunanta ke nan. Royal College of Nursing ma ƙungiyar ma'aikatan jinya ce. Ni da idona na ga wata "college" a saman shagon soya kaza, ɗaki biyu, allon sunanta ya fi ƙofar girma.

"School" ma haka take, sai dai tarkonta bai kai na waccan ba. London School of Economics jami'a ce da ake ji da ita. Ba'amurke mai karatun digiri na biyu zai ce maka yana school. Abin dariyar shi ne "public school": a Amurka ta gwamnati ce, kyauta, a Ingila ta 'ya'yan masu hannu da shuni ce, irin su Eton da Harrow.

Don haka ka bar sunan, ka tsare ejan da tambaya: in na gama, digiri zan karɓa ko difloma, kuma wace jami'a ce za ta sa hatimi a takardar? In ya fara kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka. Sannan ka shiga shafin gov.uk ka duba jerin makarantun da gwamnati ta ba lasisin ɗaukar ɗaliban waje. Wadda ba ta ciki ba za ta iya ba ka lambar CAS ba, wato shaidar cewa makaranta ta ba ka gurbin karatu, kuma ba CAS, ba bizar ɗalibi.

Turo mini hoton takardar, yadda sunan yake a rubuce harafi da harafi, in duba maka. Ka gaida su Inna.