Hannun dama ne matsalarka, ba amfilifa ba

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon kaɗa waƙar Master of Puppets ta ƙungiyar mawaƙa Metallica da jita, hannunka yana sanƙarewa tun kafin mawaƙin ya fara rerawa, sautin kuma yana fita a cakuɗe, har kana tunanin sayen sabuwar amfilifa, wato na'urar ƙara sautin jita. Don Allah riƙe kuɗinka tukuna.

Waƙar nan ta fito a 1986, tsawonta ya haura minti 8, gudunta kuwa wajen bugu 212 ne a minti. Abin da ya sa take kayar da mutane shi ne yadda James Hetfield, mawaƙi kuma mai jitar ƙungiyar, yake kaɗa ta: fik ɗinsa, wato ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, ƙasa kawai yake sara, ba ya kaɗawa a hanyar dawowa sama. Idan ka lissafa, sara kusan 7 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Hannun da bai saba ba dole ya ƙage. Aikin hannun hagu a farkon waƙar bai taka kara ya karya ba, saukowa ne firet bayan firet (ƙarafan nan da suka gitta wuyan jita), ana komawa kan babbar tsirkiya a tsakani.

Fara da duba inda motsin yake fitowa. Idan ka ji kafaɗa ko gwiwar hannu suna aiki, ko jijiyar damtse ta miƙe, ka saki. Daga wuyan hannu ake saran, kuma ɗan ƙarami ne ƙwarai. Kan fik ɗin kaɗan za ka bari ya leƙo daga tsakanin yatsu, ka ɗan karkata shi don ya zame a kan tsirkiya maimakon ya maƙale. Nemi mai kauri, milimita 1 ko fiye. Mai laushi lanƙwashewa yake yi, kafin ya miƙe bugu ya wuce ka. Dubi mai daka: ba ƙarfin buga taɓarya ne ke kai ta ƙarshe ba, saurin ɗago ta ne. Nan ma dawo da fik sama ne ke cin lokaci, shi za ka horar.

Sai danne tsirkiya. Gefen tafin hannunka, ɓangaren ƙaramin yatsa, ka ɗora shi daidai kan jaki, inda tsirkiyoyi suka hau. Ka matsa gaba da yawa, sautin ya mutu, ya zama ƙwas-ƙwas. Ka ja baya da yawa, ya buɗe yana amo. Wurin da ake nema bai fi faɗin yatsa ba, kuma kunnenka ne zai nuna maka shi.

Cakuɗewar da kake ji kuwa, ina kyautata zaton ka mure maɓallin Gain na amfilifa, mai ƙara wa sauti kaushi, har ƙarshe. Mayar da shi wajen rabi, ka zaɓi pikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita) na kusa da jaki. Da farko za ka ji kamar an rage wa kiɗan nauyi, amma duk saran da ka kuskure zai fito fili, abin da kake buƙata ke nan. Idan da janareta kake kunnawa, rage Gain ɗin zai rage gurnanin da amfilifa take yi ma.

Sauke manhajar metronom, mai ƙirga maka bugu, a waya, ka sa bugu 100 a minti. Ni ban yarda da ƙara gudu ba sai an kaɗa zubin tsaf sau da yawa a jere, sannan a ƙara 5. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Akwai wani wuri a baitin da ake guntule bugu, kada ka dogara da tab, wato rubutun da ke nuna inda za a danna tsirkiya, a nan, saurara har ya zauna maka a kunne.

Gajiya ba komai ba ce, amma idan ka ji zafi mai suka a wuyan hannu ko yatsu sun fara mutuwa, ajiye jitar ranar nan. Idan ya ci gaba, ga likita.

Ɗauki bidiyon hannunka na dama daga gefe, a gudun 100, ka turo mu gani.