Na nemi hoton yanke-manna, na'ura ta ba ni zane sumul

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, kuma ina sha'awar salon nan da ake kira kolaj, wanda ake yanko guntayen takardu da hotuna a manna su wuri ɗaya. Bangon wata 'yar mujalla nake son yi. Na rubuta wa manhajar ta yi mini kolaj na mace da tsuntsaye da gine-ginen birni, amma kullum sai ta fito da zane sumul, kamar mutum ɗaya ne ya zauna ya fente shi. Wani lokacin kuma ta jero mini hotuna huɗu cikin akwatuna. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kusan duk wanda ya gwada wannan salo ya ci karo da abin da kike fama da shi, kuma ruwa ba ya tsami banza. A umarnin da kika rubuta kin faɗi abin da za a gani a hoton: mace, tsuntsaye, birni. Ba ki faɗi da me aka yi hoton ba. A kolaj kuwa, kayan aikin su ne rabin hoton, in ma ba su fi rabi ba.

Sunan kansa daga wata kalmar Faransanci mai nufin mannawa ya fito. A 1912 mai zane Georges Braque ya sayi takardar ado irin wadda ake liƙa wa bango, mai ɗauke da zanen jijiyoyin katako, ya yayyanka ta ya manna a kan zanen da ya yi da gawayi. A shekarar dai Pablo Picasso ya liƙa wani ƙyalle mai santsi da aka buga wa hoton saƙar kujera a jikin zanensa, ya zagaye bakin da igiya. Dukansu biyu ba su ɓoye mahaɗar ba. Ido yana ganin inda takarda ta ƙare gawayi ya fara, kuma daɗin kallon a nan yake.

Ita kuwa na'ura ba ta da almakashi, ba ta da gam. Galibin waɗannan manhajoji, irin su Stable Diffusion da Midjourney da suka shigo hannun jama'a a 2022, suna farawa ne da fili cike da ɗigo-ɗigo marasa ma'ana, kamar allon tsohuwar talabijin idan tasha ta ɗauke. Sai su riƙa share wannan hayaniya mataki-mataki, kalmominki suna yi musu jagora, har siffa ta bayyana. A kowane mataki duka sassan hoton ake gyarawa tare, kowane sashe yana daidaita kansa da maƙwabcinsa. Shi ya sa hasken da ke fuskar matar shi ne zai sauka a kan tsuntsayen, shi ne zai sauka a kan ginin. Ɗabi'ar na'urar ke nan, sulhunta komai. Kolaj kuma yana son guntayen su ci gaba da saɓa wa juna, kowanne da alamar inda ya fito. Idan ba ki rubuta wannan saɓanin ɓaro-ɓaro ba, za ta shafe shi.

Batun akwatuna huɗun nan mai sauƙi ne. A intanet, ana kiran hotunan waya da aka jera cikin layuka da wannan suna ɗaya, kuma da hotunan intanet da bayanan da ke ƙarƙashinsu aka horar da manhajar. Kalmar ita kaɗai tana da ma'ana biyu a wurinta. Da zarar kin ce aikin hannu ne na takarda da gam a kan kwali, ta san wanne kike nufi.

To, kafin ki sake rubuta komai, ina roƙonki ki ɗauko tsohuwar mujalla ki yage shafi ɗaya a hankali, ki kai shi kusa da taga. Za ki ga bakin ɓangare ɗaya ya fito da wani siririn farin layi mai gashi-gashi, inda fatar launin ta ɓare cikin takardar ya bayyana, ɗaya ɓangaren kuma launinsa ya kai har baki. Ki yanka wani da almakashi: bakin ya miƙe tas, amma a wurin kwana akwai 'yar gargada inda hannu ya juya. Ki ɗora wannan a kan wancan. Wata inuwa siririya kamar zare za ta kwanta a gefe ɗaya, ba ta kai kaurin farce ba. Idan kika shafa gam mai ruwa, takarda marar kauri za ta ɗan tattare, wata kusurwa ta ɗaga kai. Ki ƙura wa hoton da ke shafin ido sosai, za ki ga fuskar mutumin ɗigo-ɗigon tawada ce a jere. Waɗannan abubuwa da idonki ya gani yanzu, su ne kalmomin umarninki. Ni a ganina, wanda bai taɓa yage takarda ya duba bakinta ba, da wuya ya rubuta umarnin kolaj mai kyau, komai yawan jerin kalmomin da ya kwafo daga wurin wasu.

Sannan ki zaɓi irin kolaj ɗin, domin gida-gida ne. Hannah Höch a Jamus, wajen 1919, hotunan jaridu da mujallu take yankawa, ta ɗora ƙaton kai a kan ƙaramin jiki, ta haɗa fuskoki da ƙafafun injina. Kurt Schwitters, shi ma Bajamushe, tikitin mota da guntun ambulan da duk tarkacen da ya tsinta yake haɗawa. Henri Matisse a Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta raunana shi, takardun da aka shafe da fenti mai launi ɗaya yake yankawa da almakashi, siffofi manya masu kama da ganye. Romare Bearden a Amurka ya gina rayuwar baƙaƙen fata ta unguwar Harlem da guntayen hotuna da takardu masu launi. Idan kika ce kolaj kawai, na'urar za ta dama duka waɗannan ta ba ki matsakaicinsu, wanda ba shi da ɗanɗanon ko ɗaya. Shawarata, ki kalli aikinsu, ki tsamo siffofin da suka burge ki, ki rubuta siffofin maimakon sunan. Hakan ya fi ba ki iko da sakamakon, kuma ya fi adalci, musamman ga masu zanen da suke raye suna cin abinci da salonsu. Wata manhajar zana hoto mai suna DALL-E 3 ma an tsara ta ne ta ƙi kwaikwayon salon mai zanen da ke raye idan an ambaci sunansa.

Ga yadda zan rubuta naki da ni ne:

"Hoton aikin kolaj na hannu, takarda da gam a kan kwali mai ruwan ƙasa, an ɗauke shi daga sama kai tsaye. A tsakiya fuskar mace, baƙi da fari, an yanko ta da almakashi daga tsohuwar mujalla, ɗigon bugu yana bayyane. Rigarta guntayen taswira ne da aka yage da hannu, bakinsu fari mai gashi. Tsuntsaye uku na jar takarda marar zane, ɗaya ya fi kan matar girma. A ƙasa, gine-gine daga hotuna daban-daban, kowanne da nasa haske da nasa karkata, suna hawa kan juna. Siririyar inuwa a ƙarƙashin kowane guntu, tattarar gam, salatif da ya yi rawaya a kusurwa ɗaya. Launi uku kacal: baƙi, ja da ruwan ƙasa. Sulusin sama babu komai sai kwali."

Ki lura kowane abu na ba shi asali: fuska daga mujalla, riga daga taswira, tsuntsu daga takarda mai launi. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace aiki, domin idan kayan sun bambanta, dole na'urar ta yi iyaka a tsakaninsu. Tsuntsun da ya fi kai girma da gangan na sa shi, don kada ta koma ga ma'aunin duniyar gaske. Taƙaita launi yana hana hoton zama kasuwa. Filin da na bari a sama kuma wurin sunan mujallarki ne.

Yawancin manhajojin sun fi jin Turanci, saboda haka ki tsara tunaninki da Hausa sannan ki fassara, amma ki tabbatar fassarar ta raba yagewa da yankewa, don sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi muhimmanci ki sa shi a farko. Tsofaffin samfuran Stable Diffusion gutsattsarin kalma 77 kawai suke karantawa a zubi ɗaya, kuma ko a sababbin manhajoji abin da aka jefa can ƙarshen dogon umarni yakan yi rauni. Kada ki rubuta "ban da zane sumul" a cikin umarnin kansa, domin ambaton abu yakan jawo shi. Stable Diffusion yana da akwati na daban na abubuwan da ba a so, a Midjourney kuma ana rubuta su a ƙarshen umarnin, bayan alamar --no. A Midjourney ɗin dai, ki rage --stylize ƙasa da 100 da yake zuwa da shi, ki ƙara --style raw, don ya rage kwalliyar da yake yi wa hoto da kansa, sannan --ar 3:4 zai ba ki hoto mai tsayi irin na bangon mujalla. Idan kina gyara, abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ki gane wanne ya yi aiki ba.

Guntun jarida yana ƙawata kolaj, amma ƙananan rubutun da na'ura ke yi sau da yawa haruffa ne marasa ma'ana. Ki nemi ya zama ƙanana ƙwarai, ko wani guntu ya rufe rabinsa. Sunan mujalla kuwa ki sa da hannunki daga baya.

Tunda bango za ki buga, akwai hanyar da na fi yarda da ita a kan duk abin da na faɗa. Ki sa manhajar ta yi miki guntayen ɗai-ɗai: fuskar ita kaɗai a kan farin fili, tsuntsayen daban, kowane gini daban da umarninsa. Sai ki cire farin bayan, ki jera su da kanki a manhajar gyaran hoto irin su Canva ko GIMP ko Photoshop. Tunda kowanne a zubi daban aka yi shi, saɓanin haske da girma zai zo da kansa, kuma ke za ki yanke hukuncin wane ne zai hau kan wane. Akwai ma wata fa'ida: a Fabrairun 2023 ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke cewa hotunan da Midjourney ya samar ba su da kariya su kaɗai, amma zaɓi da jerawar da mutum ya yi suna da ita. Dokar kowace ƙasa daban ce, sai dai wannan ya nuna inda ake ganin hannun ɗan Adam.

Idan kina da firinta, ki buga guntayen a takarda, ki yage wasu ki yanka wasu, ki manna a kwali, ki ɗora a sikana ko ki ɗauka da waya a hasken taga da safe, lokacin da hasken ke zuwa daga gefe yana fito da inuwar kowane baki. Allah ya ba da sa'a, Malama.