Abin da ya sa ba ma shafa wa gidan Aguda siminti

Jiya da la'asar muna wanke kayan aiki ka ce mini, "Maigida, wai me ya sa muke wahalar da kanmu da farar ƙasar nan? Da siminti ne ai sati biyu mun gama filastar gidan nan mun karɓi kuɗinmu. Kuma ma me ke cikin tsohon gida da za a yi ta lallaɓa shi kamar ƙwai?" Ban ba ka amsa ba don ana kiran salla, kuma ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Jawo bulon can ka zauna.

Mu fara da abin da ka sani tun daga gida. Ka sha ganin katangar tubali da aka yi wa filastar siminti don a ce an waye. Shekara biyu, uku, sai ta yi ciki. Ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ƙwarya, damina na zuwa ta ɓamɓaro faifai guda, ƙasar da ke bayanta ta zama gari. Maƙwabciyarta da aka yi wa yaɓen makuba kuwa tana nan, sai dai a riƙa sabunta mata. To ciwon nan ne a Legas, sai dai na nan ya fi tsanani.

Bangon gidan nan na Aguda, wato mutanen da suka dawo daga bauta a Burazil, jan bulo ne, amma gashin da, mai laushi, kuma abin da ya riƙe shi farar ƙasa ce da yashi. Tsibirin nan na Legas a kan ruwa yake zaune. Kai ka tona gindin bangon baya, ka ga ba ka yi nisa ba ruwa ya taso, ruwan kuma da gishiri. Bulo yana tsotsarsa yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Waɗanda suka gina gidan ba su da ledar da ake shimfiɗawa yanzu don tare danshi, sai suka bar wa ruwan hanya. Farar ƙasa tana numfashi: danshi ya hau, ya fito ta jikinta, iska ta kwashe. Gishirin ya tsaya a fatar yaɓen yana cinsa a hankali. Wato yaɓen ne ke mutuwa a madadin bulo, in ya gaji a kankare a sake wani. Siminti kuwa toshe hanyar yake yi. Ruwa ya rasa mafita, ya ƙara hawa sama ko ya ɓullo ta cikin ɗaki, gishiri ya daskare a fuskar bulon ya farfasa ta. Ga shi ba ya lanƙwasa, alhali tsohon gida a kan yashi kullum cikin ɗan motsi yake.

Ba a littafi na karanta wannan ba, ɗana. Farkon zuwana Ikko na karɓi wani bene irin wannan, mai gidan na sauri don zai aurar da 'yarsa. Na kankare tsohon yaɓe kaf, na zuba masa siminti mai ƙarfi, aka bi da fentin mai. Ranar biki har nuna wa mutane aikin nake. Damina ta uku aka aiko a kira ni. Filastar ta saki daga ƙasa har kusan ƙirjina, kuma ba ita kaɗai ta fito ba, da fuskar bulon ta taho. Ka sa yatsa a bango jan gari na zuba. Abin da ya fi ƙona mini rai, danshin ya haura har inda kawunan katakon bene ke shiga bango, katakon loko da ya fi kakana shekaru, ya fara ruɓewa. Dattijon bai zage ni ba. Nuna mini kawai ya yi da sandarsa, ya koma ciki. Da ma zagin ya yi.

Sai tambayarka ta biyu, me ke cikin gidan. Gobe kafin mu hau, ka tsallaka titi ka tsaya ka kalle shi tun daga ƙasa har rufi. Mu a arewa gida bayansa yake ba titi, adonsa a fuskar zaure, sauran sirri ne. Wannan kuwa fuskarsa ya ba titi gaba ɗaya: dogayen tagogi a jere, kowace da gira ta yaɓe a samanta, ginshiƙan ado a kusurwoyi, furanni a ƙarƙashin taga, barandar ƙarfen maƙera inda mai gida ke tsayawa ya ga kowa, kowa ya gan shi. Ƙasa kanti ne ko wurin ajiyar kaya, iyali a sama. Yarabawa na ce wa irinsa petesi.

Amma kada adon ya ɗauke maka hankali daga dabarar. Ka lura in an buɗe ƙofar gaba kana hango tsakar gida ta baya? Wannan doguwar hanyar da ta raba ɗakuna dama da hagu, maƙogwaron gidan ke nan, ta nan iskar teku ke ratsawa. Silin ya yi sama sosai don zafi ya sami inda zai tafi. Murafen tagogin na katako ne masu haƙarƙari, ka rufe rana da idon mai wucewa, iska na shiga abinta. Da azahar ka sha kwanciya a ɗakin bene ba fanka, ka kuma san yadda ɗakinmu na bulon siminti a Agege yake a wannan lokacin.

Su wa suka kawo wannan gini? Mutanen da aka sayar bayi aka kai Burazil, musamman garin Salbado na jihar Bahiya, su da 'ya'yansu. Yawancinsu Yarabawa ne, amma akwai Hausawa da Nufawa a cikin bayin Bahiya, kuma Musulmi da dama. A watan azumi na 1835 Musulmin can suka yi bore, aka murƙushe su, aka kashe na kashewa, aka koro wasu, wasu kuma suka sayi 'yancinsu suka biya kuɗin jirgi. Haka aka yi ta dawowa har bayan da Burazil ta soke bauta a 1888. Su ake kira Aguda, unguwarsu nan ce, Popo Aguda, daga dandalin Campos zuwa Bamgbose da Kakawa. Sun dawo da sana'a a hannu, birkiloli da kafintoci da maƙera da masu fenti. Wahalar bauta ce ta koya musu, suka zo suka ci arziƙinta a gida, har masu kuɗin Abekuta da Ibadan suka riƙa kwaikwayon fasalin.

In mun tashi ran Juma'a zan bi da kai ta Kakawa ka ga Water House, wato Gidan Ruwa, na iyalin Da Rocha, wanda ya sami sunansa daga ruwan rijiyar da ake sayarwa a can kafin famfon Iju ya zo. Daga nan mu yi titin Martins, masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Muhammadu Shitta ne ya ba da kuɗin, Sarkin Santambul ya ba shi sarautar Bey, amma wanda ya jagoranci ginin João Baptista da Costa ne, Ba'agude. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ƙasa, Sanusi Aka, wanda ya koyi aikin har ya zama gwani da kansa. Ka riƙe sunan nan, don shi ma da ɗaukar kwaɓi irin naka ya fara. Akwai wanda ba zan iya nuna maka ba: Ilojo Bar a dandalin Tinubu, ginin 1855, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Salla, katafila ta kwantar da shi. Takardar gwamnati ba ta tare shi ba. Filin tsibirin nan ya yi tsadar da kowane tsohon gida kallon shaguna hawa biyar ake yi masa, magada kuma sun yi yawa, kowa na son rabonsa. Shi ya sa in ka sami mai gida irin wannan da ya ce a gyara, ba ka cuce shi da aikin sati biyu ba.

Yanzu aikin. Mutanen da ɓawon halittun ruwa suke ƙonawa su sami farar ƙasa, mu ta buhu muke saye, shi ya sa na sa ka jiƙa ta a duro tun makonni. Tana daɗewa a ruwa tana ƙara laushi, har ta koma kamar kindirmo mai kauri. Awo ɗaya nata, uku na yashi, kuma yashin mai kaifi wanda aka wanke, ban da na bakin teku, kada mu kawo gishiri da hannunmu. Kar ka tsuga ruwa a kwaɓin. Ka yi ta bugunsa da shebur, da kansa zai saki. A jiƙa bango tukuna. Shafi na farko siriri, a karce shi, a bar shi kwanaki, sannan na biyu, sannan na gamawa. Ita ba kamar siminti take kamawa ba, iska take sha a hankali ta koma dutse, don haka in rana ta busar da ita da wuri sai ta zama gari. Amfanin buhunan algararar da muke jiƙawa muna ratayawa ke nan. Kuma ka daina aiki ba tabarau, ɗigo ɗaya a ido ya isa.

Girar tagar nan da ta karye, ba da cokali za mu ƙaga ta ba. Za mu je wadda ta rage lafiya, mu ɗauki siffarta a kwali, mu yanka ta a guntun kwano, mu kafa a jikin katako. Sai a buga miƙaƙƙen katako a bango ya zama hanya, a ɗora kwaɓi, a ja. Jan farko za ka ga ramuka kamar ɓera ya ci. A cike, a sake ja, sau shida, sau bakwai, har layin ya fito tas. Furen ƙarƙashinta kuwa da yatsa da ƙaramar wuƙa aka yi shi; in ka duba na tagar tsakiya da kyau za ka ga ganyen hagu ya fi na dama faɗi. Haka za mu bar shi.

Gobe ka riga ni zuwa. Ka ɗauki ƙotar guduma ka bi bangon gabas kana ƙwanƙwasawa, inda ya amsa kamar ƙwarya ka zagaye da alli, inda ya amsa da ƙarfi kar ka taɓa. Ka leƙa duron ma, in ruwan saman ya ja ka ƙara, kada ta sha iska.