Tambayi Likita: rikicewar garkuwar jiki da kansar kaluluwa

Tambaya: Likita, mijina aka ce yana da limfoma, wai ana ɗauka?

Amsa: Limfoma kansar kaluluwa ce, ba a ɗauka 'yar uwa. Ki yi jinyarsa hankali kwance, Allah ya ba shi lafiya.

Tambaya: Ina da lupus, shi ma kansa ne?

Amsa: A'a. Garkuwar jikinki ce ta rikice ta koma yaƙar jikin da ya kamata ta kare. Yana ƙara haɗarin limfoma, amma mafi yawan masu lupus ba sa samunta har abada. Kar dai ki fasa zuwa asibiti ranar da aka ba ki.

Tambaya: Likita shekara shida ina fama da amosanin gaɓɓai irin na rikicewar garkuwa, ana ba ni methotrexate. Na gani a intanet wai yana sa kansa sai na daina sha wata uku ke nan, na koma wani haɗin ƙara garkuwar jiki. Yanzu wata kaluluwa ta fito min a wuya, ba ta zafi, na sayi prednisolone na sha ta ragu. Na warke ko?

Amsa: Haba Hajiya! Wallahi saƙonki ya tayar min da hankali. Ke da garkuwarki ta yi yawa har tana cin gaɓɓanki, ita kuma za ki je ki ƙara wa ƙarfi? Masu sayar da waɗannan haɗe-haɗen ba su san me ke jikinki ba, wasunsu ma ba su san me ke cikin kwalbar ba.

Bari ki ji yadda abin yake. Limfoma kansa ce ta wasu fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin garkuwa. A ciwo irin naki waɗannan ƙwayoyin ba sa hutawa, kullum cikin hayayyafa suke shekara da shekaru, kuma duk ƙwayar da ta yi ta rabuwa ba tsayawa wata rana sai an samu kuskure a ciki. Shi ya sa haɗarin limfoma ga masu irin amosaninki ya kai kamar ninki 2 na sauran mutane, kuma binciken da aka yi a Suwidin ya nuna waɗanda kumburinsu ya fi tsanani ya fi daɗewa su ne haɗarin ya fi hawa kansu. Kin ga ke nan barin maganin ya sake wa kumburin linzami ne.

Ba zan ɓoye miki ba, akan samu 'yan kaɗan da methotrexate ke jawo musu kumburin kaluluwa, wani lokacin ma in an tsayar da shi sai ta baje. Amma likitan da ke dubaki ne zai yanke wannan bayan ya taɓa wuyan da hannunsa. Kar ki koma kan maganin da kanki yanzu, kar kuma ki zauna a gida.

Prednisolone ɗin ne ya fi ɓata min rai. Yana rage girman limfoma na ɗan lokaci sai mutum ya ɗauka ya warke, alhali tana nan, sannan in aka zo yankar ɗan nama a duba sai sakamakon ya rikice. Ba na cewa kansa ce, yawancin kaluluwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Amma wadda ba ta zafi, mai tauri, ta wuce sati 3 ko 4 ba ta tafi ba, dole a duba. Ki je a cikin satin nan, ki tafi da kwalin duk abin da kika sha, ki faɗi kwana nawa kika yi kina sha. In akwai zufar dare mai jiƙa zanin gado, ko zazzaɓi mai kai da komo, ko rama ba dalili, gobe ma kar ta wuce.

Tambaya: An ce ina da Sjögren, idona da bakina kullum a bushe, yanzu gaban kunnena na dama ya kumbura wata biyu.

Amsa: Sjögren ma rikicewar garkuwa ce, kuma cikin duk waɗannan cututtukan, naki ne ya fi kusanci da limfoma, kamar mutum 5 cikin 100 ke samunta, kuma a wannan wurin da ake haɗa yawu ta fi farawa. Galibi mai tafiyar hawainiya ce kuma tana jin magani sosai. Wata biyu a gefe ɗaya ya isa, ki je a yi hoto, kar ki matsa shi kar ki shafa komai.