Kawuna zai biya mini karatu a Kanada, waɗanne takardu zan haɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata jami'a a lardin Ontario ta ba ni gurbin digiri na farko, kuma kawuna ne zai ɗauki nauyina. Wani ejan ya ce mu bari sai ana saura mako guda a tura takardun neman bizar karatu, a zuba kuɗin gaba ɗaya a asusuna, in ba su kai ba shi zai ara mana cikon na ɗan lokaci. Shin hakan ya yi? Kuma me ya kamata in tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da samun gurbi, Allah ya sa albarka. Shawarar ejan ɗin nan kuwa, ki yi nesa da ita.

Hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, tana neman bayanan banki na watanni huɗu da suka wuce. Jami'in da zai duba takardunki ba layin ƙarshe kaɗai yake karantawa ba. Zai ga asusun ɗaliba da 'yan kuɗin kashewa ke shiga suna fita tsawon wata uku da rabi, sai kwatsam ranar Talata ɗaya ya kumbura da kuɗin shekara guda. Tambaya biyu zai yi wa kansa: daga ina suka fito, kuma za su tsaya bayan an ba da biza? In takardunki ba su amsa masa ba, zai ƙi. In kuma aka gano aro ne aka yi don a rufe masa ido, abin ya wuce ƙin amincewa: sashe na 40 na dokar shige da ficen ƙasar ya tanadi haramcin shekara 5 ga wanda ya ba da bayanin yaudara. Ke abin zai hau, ba ejan ba, tunda da sunanki aka nema. Ki ma tambaye shi ko yana da lasisi. Doka ba ta yarda kowa ya karɓi kuɗi ya wakilce ki ba sai lauya ko wani ma'aikacin shari'a da ke da rajista a Kanada, ko mashawarcin da hukumar CICC, mai kula da masu ba da shawara kan shige da fice, ta ba lasisi, kuma ana bayyana shi a fom IMM 5476. Wanda ya ce "kar ki sa sunana" ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Kuɗin kawu su zauna a asusun kawu. Ba a ce dole sai a naki ba. Abin da za ki nuna shi ne kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin jirgi, da kuɗin zama. Wannan na ƙarshen ya daɗe a kan dalar Kanada 10,000, aka ɗaga shi zuwa 20,635 a Janairun 2024, sannan 22,895 daga 1 ga Satumban 2025, ga mutum ɗaya a wajen lardin Kebek. Duk shekara ake sabunta shi, don haka ki duba shafin IRCC a makon da za ki tura.

Kawu zai rubuta wasiƙa ya sa hannu: ga dangantakarmu, ga abin da na ɗauka, ga tsawon shekarun da zan biya. A haɗa da bayanan bankinsa da shaidar inda kuɗinsa ke fitowa. In ma'aikaci ne, takardar wurin aiki da ta albashi. In ɗan kasuwa ne, rajistar kasuwanci da shaidar biyan haraji. In fili ya sayar saboda karatunki, babu laifi kuɗi su shigo a dunƙule, amma a sa takardar cinikin kusa da shafin da ya nuna shigowarsu. Akwai abin da namu ke mantawa: mu a wurinmu kawu ya ɗauki nauyin 'yar ƙanwarsa ba abin tambaya ba ne, amma jami'in zai so ya san dalilin da ya sa ba iyaye ba ne ke biya. Jimla biyu sun isa su bayyana. Sai takardun haihuwa da ke nuna mahaifiyarki da shi 'yan gida ɗaya ne. In da hali a biya wa makaranta wani kaso tun yanzu, rasidin nan ya fi dogon bayani nauyi. Haka ma takardar GIC, wato shaidar ajiyar kuɗi ta ƙayyadadden lokaci, daga bankin Kanada. Kada ki rubuta cewa za ki ciyar da kanki da aiki; awa 24 a mako aka yarje wa ɗalibi ya yi aiki a wajen makaranta lokacin karatu, kuma ba a lissafa shi cikin shaidar kuɗi.

Daga makaranta takarda biyu kike buƙata. Ta farko ita ce ta ba da gurbi, mai ɗauke da lambar DLI, wadda ke farawa da harafin O, shaidar cewa an amince wa makarantar ta ɗauki ɗaliban waje. Tun Disamban 2023 IRCC ke tuntuɓar makaranta kai tsaye don tabbatar da ita, bayan badaƙalar takardun jabu da ta rutsa da ɗaliban Indiya a shekarar. Ta biyu ita ce takardar shaidar lardi, PAL, da aka shigo da ita ranar 22 ga Janairun 2024. Makaranta ce ke karɓo miki, galibi bayan kin amshi gurbin kin biya kafin alƙalami. Mai neman digiri na farko irinki da ta tura babu ita, mayar mata da takardunta ake yi.

Yanzu ki shimfiɗa fasfo, takardar haihuwa, sakamakon sakandare da takardar gurbin a kan tebur ɗaya, ki bi su harafi-harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can. Sunan kaka a wannan, babu shi a waccan. Ranar haihuwa ta bambanta da wata guda. Duk inda suka saɓa, a gyara ko a yi takardar rantsuwa a kotu. Ki duba wa'adin fasfon kuma, domin ba a ba da izinin karatu da ya zarce ranar ƙarewarsa. Takardar da ba da Turanci ko Faransanci take ba, kamar shaidar makarantar Islamiyya da Larabci, sai an haɗa ta da fassarar ƙwararre. Ke ko ɗan gidanku ba za ku fassara ba.

Wasiƙar bayanin manufa ki rubuta ta da kanki, shafi ɗaya ko biyu: me ya sa wannan fanni, yaya ya haɗu da abin da kika karanta, me za ki yi da shi in kin dawo. Wadda aka kwafo daga intanet jami'in ya karanta irinta tun da safe. In an taɓa hana ki bizar wata ƙasa, ki faɗa a fom IMM 1294. Ɓoyewar ta fi hanin illa.

Sauran masu sauƙi ne. Kuɗin nema dalar Kanada 150, na ɗaukar zanen yatsu da hoto dala 85, kuma kwana 30 gare ki ki je a ɗauka bayan wasiƙar umarni ta iso. Gwajin lafiya sai wurin likitan da ke cikin jerin IRCC, sakamakonsa na aiki wata 12. In an amince, biza za a manna a fasfo a ba ki wasiƙar gabatarwa. Izinin karatun kansa a filin jirgin Kanada ake buga shi, kuma jami'in iyaka na iya sake neman takardar gurbi da shaidar kuɗi, don haka su kasance a jakar hannunki, ba cikin akwatin da aka auna ba.