Riɗi da zoɓo na fita waje, amma ina ayyukan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A kullum muna jin ana cewa riɗi da zoɓon da ake nomawa a Jihar Jigawa suna ƙara samun kasuwa a ƙasashen waje, kuma kuɗin da ake samu yana ƙaruwa. To amma da an gama kaka sai mu ga samarinmu sun ɗauki jaka sun tafi ci-rani kamar yadda aka saba. Me ya sa wannan bunƙasa ba ta zama aikin yi da masana'antu a gida ba? Daga wani mai karatu a Gumel.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kasuwar da kake ji gaskiya ce, domin Jigawa tana sahun gaba a noman riɗi da zoɓo a Najeriya, riɗinmu yana zuwa Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo kuwa Meziko ce babbar mai sayensa, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Sai dai ya kamata a yi hattara da alƙaluman da ake faɗa da naira. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin canji, dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan kuɗin kayan da aka fitar zai iya ninkawa uku a takarda ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya ba, alhali taki da maganin feshi da kuɗin mota su ma sun bi dalar sun tashi.

Babban dalilin abin da kake gani shi ne yadda kayan ke barin jihar. Manomi ya yanke riɗinsa ya kakkaɓe ya sheƙe, dillali ya saya a kasuwar ƙauye, a loda a mota zuwa kasuwar Dawanau a Kano, a can ne ake tankaɗewa da cire tsakuwa da sake zubawa a buhu, daga nan tirela ta kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Matse mai, da ɓare riɗin da ake barbaɗawa a burodi, da ƙulla zoɓo a ƙananan fakiti, waɗanda su ne ayyukan da ke riƙe ma'aikaci shekara guda cur da albashi, galibinsu a ƙasar mai saye ake yin su. Abin da ya rage wa Jigawa shi ne noma da dako da lodi da tsintar zoɓo da mata ke yi, kuma duk da cewa wannan yana sa tukunya a wuta a gidaje da yawa, aiki ne na 'yan watanni wanda ke ƙarewa da ƙarewar kaka.

Ba sabon labari ba ne a wannan yanki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi ta fita har aka tara dalar gyaɗa da ta yi suna, amma da farin shekarun 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, ga kuma hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, sai harkar ta durƙushe. Zoɓo ma ya ɗanɗana irin haka a shekarun baya, lokacin da Meziko ta dakatar da karɓar na Najeriya saboda ƙwarin da ta ce ta samu a cikin kaya, farashi ya faɗi, kaya suka yi kwantai a ɗakunan ajiya har aka sasanta.

A ganina, Malam, ba rashin wurin kafa masana'antu ne matsalar ba. Akwai yankin sarrafa kayan fitarwa a Maigatari, bakin iyakar Nijar, tun shekaru da dama, ga kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki ta Kano a Janairun 2023 domin a riƙa kammala takardun kwantena ba sai an je Legas ba. Abin da ke korar mai jari shi ne injin da zai wuni yana shan dizal saboda rashin tsayayyiyar wutar lantarki, da ruwan bashin banki da ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani, da kuma ƙa'idojin tsafta na masu saye, musamman Japan wadda ba ta sassauci kan ragowar maganin feshi a jikin riɗi. Matuƙar ya fi araha a kai ɗanyen kaya Dawanau a kan a sarrafa shi a Gumel ko Haɗeja, to can ɗan kasuwa zai kai shi, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Saboda haka idan wani jami'i ya sake zuwa da albishir ɗin cewa fitar da kaya ya ƙaru, ku tambaye shi tan nawa aka fitar, dala nawa aka samu, kashi nawa aka tace ko aka matse a cikin jihar, sannan ma'aikata nawa ne ke karɓar albashi a waɗannan wurare a watan Afrilu, lokacin da kaka ta wuce kuma damina ba ta faɗi ba.