Tambayoyi da Amsoshi: Wane Allon Lantarki Ya Dace da Kasuwancinka?

Wasiƙun wannan makon sun fi karkata ga allunan lantarki da 'yan kasuwa ke kafawa domin nuna farashi, sanarwa da tallar haja. Na tsamo guda shida daga cikinsu, na kuma taƙaita tambayoyin, domin wasu masu rubutowa sai sun ba da tarihin shagon tun daga ranar da aka aza harsashinsa kafin su iso ga abin da ke damunsu.

Tambaya: Ina da kemis a bakin titi, kuma ina son allo mai jan rubutu da ke tafiya, wanda zai sanar da mutane cewa muna buɗe har dare kuma muna gwajin hawan jini. Wanne zan saya? (Mai kemis, Zariya)

Amsa: Malam, ka nemi allon LED mai launi ɗaya, nau'in P10 na waje, wato mai tazarar milimita 10 tsakanin ɗigon haskensa. Ana harhaɗa shi ne da ƙananan falle, kowanne faɗinsa santimita 32 ne, tsayinsa 16, kuma yana ɗauke da ɗigon haske 32 a kwance da 16 a tsaye. Idan aka jera falle uku za ka sami allo mai kusan mita ɗaya, wanda ke nuna haruffa wajen 12 a lokaci guda, kuma hakan ya wadatar da saƙo irin naka. Ka tabbata katin da ke sarrafa shi mai Wi-Fi ne, domin ka riƙa sauya rubutun daga wayarka ba tare da ka hau tsani ba. Kada ka ɗora masa jerin farashin magunguna arba'in, domin mai wucewa a kan babur ba zai tsaya jiran na ƙarshe ya iso ba.

Tambaya: Na sayi talabijin mai inci 55 na kafa a bayan gilashin shagona da ke kallon yamma, domin masu wucewa su riƙa ganin hotunan atamfa da leshi. Da safe yana da kyau, amma daga azahar ba a ganin komai, kuma kwanan nan wani baƙin tabo ya fara fitowa a tsakiyarsa da la'asar. Wanda ya sayar mini ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki mai inci 75 na 4K. Shin hakan zai magance matsalar? (Mai shagon atamfa, Kano)

Amsa: Hajiya, ba zai magance komai ba, sai dai matsalar mai sayarwar, wanda da alama yana da mai inci 75 da ya daɗe a kwali. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ɓata mini rai, domin duk wata sai ta dawo da sabon suna: mutum ya shiga kasuwa babu abin da ya riƙe a kansa sai inci, kamar wanda aka ce masa shayinsa ba sukari, sai ya nemi a kawo masa babban kofi. Girman allo shi ne abu na ƙarshe da ake yanke shawara a kansa. Kafin a zo gare shi akwai tambayoyi uku da dole a amsa, wato wane irin haske ne a wurin da za a kafa shi, daga wace tazara za a karanta shi, sannan awa nawa zai riƙa yi a kunne kowace rana.

Ƙarfin hasken allo ana auna shi ne da ma'aunin da ake kira nit. Talabijin na gida, irin wanda kika saya, yawanci yana ba da nit 250 zuwa 400, domin an ƙera shi ne a kalle shi a falo, an saki labule. Allon da aka yi musamman domin tagar shago mai fuskantar rana yana farawa ne daga wajen nit 2,500, shi kuwa allon LED da ake kafawa a fili yakan kai 5,000 ko sama da haka. Rubutun 4K da ke jikin kwali yawan ɗigon hoto yake nufi, ba ƙarfin haske ba, saboda haka mai inci 75 ɗin zai dushe da azahar kamar yadda na yanzu yake dushewa, sai dai ya fi shi faɗin duhu.

Baƙin tabon kuwa gargaɗi ne. Allon LCD, irin na yawancin talabijin na gida, yana da wani siririn ruwa tsakanin gilasai biyu, wanda shi ke tsara hasken da ke fitowa, kuma idan zafin rana ya yi masa yawa sai ya daina aikinsa, wurin ya yi baƙi har sai ya huce. Yawancin waɗannan na'urori an rubuta a takardarsu cewa kada zafin wurin ya wuce digiri 40, alhali a watan Afrilu inuwa ma takan kai haka a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, balle bayan gilashin da rana ke duka tun daga azahar har faɗuwarta. Idan aka ci gaba a haka, wata rana tabon zai zo ya ƙi tafiya. Kada kuma ki sa rai da garanti, domin kamfanoni da yawa suna rubuta cewa garantin talabijin na gida bai shafi amfani da shi a wurin kasuwanci ba. Allunan kasuwanci na Samsung da LG, alal misali, suna zuwa da alamar 16/7 ko 24/7, wato an gwada su su yi awa 16 ko 24 a kunne duk kwanakin mako, kuma wannan juriyar ce ake biya idan aka ga sun fi talabijin tsada.

Sai maganar tazara, wadda ita ma ba a kula da ita. Lambar da ke bayan harafin P a allon LED tana nuna milimita nawa ne tsakanin ɗigon haske da maƙwabcinsa, kuma ƙa'idar da masu kafawa ke bi ita ce, wannan lambar ita ce kusan mafi ƙarancin mitocin da mai kallo zai tsaya kafin hoton ya haɗe a idonsa. P10 sai daga mita 10, P4 daga mita 4, P2.5 kuwa na cikin ɗaki ne. Domin a fitar da ɗigo 1,920 a kwance, kamar yadda talabijin mai Full HD ke yi, allon P10 sai ya kai faɗin mita 19.2. Wannan ya nuna cewa zanen atamfa, wanda kyansa yake a ƙananan layuka da haɗin launi, ba zai fito a ƙaramin allon P10 ba, komai haskensa.

Shawarata ita ce ki cire talabijin ɗin daga taga yau, ki mayar da shi cikin shago a bangon da rana ba ta kaiwa, inda mai ciniki zai zauna ya ga samfuran da ba ki baje ba. A can zai yi miki aiki sosai. Idan har lallai sai kin nuna hoto ga mutanen titi, to ki tambayi farashin allon taga mai ƙarfin haske, ko LED na waje mai P4 ko P5 wanda ke da alamar IP65. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuwa tana nufin yana jure feshin ruwa, kuma duk wanda ya taɓa buɗe bayan talabijin bayan wucewar hunturu ya san amfanin lambar farko. Kafin ki fitar da ko kwabo, ki aiki yaro da tef ɗin awo ya auno daga taga zuwa inda mutane ke wucewa, ki kuma fita da kanki da ƙarfe biyu na rana ki duba wurin. Ni ba na yarda in ba kowa shawarar allo sai ya kawo mini waɗannan lambobin a rubuce. Ki kuma nemi mai sayarwa ya nuna miki adadin nit a takardar kamfani, domin kalmar "yana da haske sosai" ba ma'auni ba ce.

Tambaya: Ina son nuna jerin abinci da farashi a saman kanta a gidan abincina. Dole ne sai na sayi allon kasuwanci mai tsada? (Mai gidan abinci, Katsina)

Amsa: Ba dole ba ne, tunda a cikin ɗaki ne. Talabijin mai inci 43 ya isa, in dai za ka kashe shi idan an tashi, ka kuma nisanta shi daga hayaƙi da tururin kicin. Ka tsara jerin a Canva ko PowerPoint a girman 1920 da 1080, ka fitar da shi a matsayin bidiyo, ka zuba a filas, ka saita ya riƙa maimaitawa. Harafi mai tsayin santimita biyu da rabi yana karantuwa cikin sauƙi daga mita uku, sai ka lissafa naka daga nan. Ka guji talabijin nau'in OLED, domin hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yakan bar tabo a jikinsa, kuma ba na jin kana son farashin tuwon bara ya zauna a allon har abada.

Tambaya: Allon shagona ba ya nuna ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Duk inda suka zo sai ya sa akwati ko alamar tambaya. (Ɗan kasuwa, Maraɗi)

Amsa: Salon rubutun da manhajar ke amfani da shi ne ba shi da haruffan, allon kansa lafiyarsa ƙalau. Ka canza zuwa salon da ke ɗauke da su, irin su Noto Sans ko Charis SIL. Idan katin da ke sarrafa allon ya ƙi, sai ka tsara rubutun a matsayin hoto daidai da yawan ɗigon allon, ka tura masa hoton. Wannan dabarar ita ce kuma ke ceton masu son rubutun ajami idan manhaja ta wargaza haɗin haruffa.

Tambaya: Zan kafa babban allon LED mai mita 3 da mita 2 a gaban ɗakin taro na. Ina da inbata da batir biyu, shin za su riƙe shi? (Mai ɗakin taro, Kaduna)

Amsa: Alhaji, mu yi lissafi. Allonka murabba'in mita 6 ne, kuma allunan waje masu cikakken launi sukan ja wat 600 zuwa 800 a kowace murabba'in mita idan aka cika su da farin haske, wato wat 3,600 zuwa 4,800 ke nan a ƙololuwa. A aikin yau da kullum abin da suke ci ya fi kusa da kashi ɗaya bisa uku na wannan, amma waya, fis da inbata dole a zaɓe su bisa ƙololuwar. Batir biyunka ka bar wa fanka da fitilu. Fallen LED da bolt 5 suke aiki, ta hannun ƙananan akwatunan rage wuta da ke bayansu, kuma waɗannan akwatunan su ne suka fi saurin ƙonewa lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi ko ake sauyawa daga janareta. Don haka sitabilaiza, na'urar kare tsawa da wayar ƙasa ba kayan ado ba ne. Ka saita allon ya rage haske da kansa bayan magariba, domin hakan zai rage maka kuɗin mai, ya kuma hana ka kashe wa direbobi ido. Ka kuma nemi a ƙara maka falle biyu ko uku daga rukunin da aka ƙera allon, saboda wanda za ka saya bayan shekara biyu launinsa ba zai zo daidai ba. Kafin ka kira mai walda, ka je hukumar da ke ba da izinin allunan talla a jiharka. A Legas LASAA ce ke wannan aiki, a Abuja kuwa sashen DOAS, kuma idan za ka riƙa karɓar kuɗi kana nuna tallar wasu, dokokin ARCON, hukumar kula da harkar talla ta Najeriya, sun hau kanka.

Tambaya: Mun wayi gari mun tarar an sauya rubutun allon makarantarmu da wani saƙon soyayya, alhali ba wanda ya taɓa kwamfutar ofis. Shin kutse aka yi mana daga ƙasar waje? (Shugaban makaranta, Gusau)

Amsa: Ranka ya daɗe, ƙwararren da ya yi maka kutsen yana aji biyar ko shida, kuma da wayar yayansa ya yi. Katunan sarrafa allo na kamfanin Huidu, waɗanda suka cika kasuwa, suna fitowa ne da kalmar sirrin Wi-Fi ta kamfani, lamba 8 sau takwas, kuma duk wanda ya sauke manhajar LEDArt ya tsaya kusa da allon zai iya shiga. Ka buɗe manhajar, ka shiga saitin Wi-Fi, ka sa sabuwar kalmar sirri wadda ba sunan makarantar ba ce kuma ba lambar wayarka ba, sannan ka ba mutum ɗaya kacal a ofis.